Kuɗinmu na ƙarewa a azumi, yunwa kuma sai damina ta yi tsakiya: ta ina za mu kama?

Tambaya: Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko da cewa suna da ƙungiyar matasan gari, yawancinsu 'yan ci-rani ne a Kano da Abuja da Legas, kuma duk wata suna haɗa kuɗi. Abin da suka saba shi ne dafa abincin buɗe-baki a azumi da raba kayan sallah, daga nan asusu ya ƙare. Da damina ta yi nisa sai labari ya riƙa iske su cewa akwai gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, ga waɗanda ruwa ya rushe wa ɗakuna, ga kuma wani bawan Allah mai taɓin hankali da yake kwana a rumfar kasuwa. Yana tambaya yadda za su tsara aikin ya ɗore.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi. Mutumin da yake neman nasa a wani gari amma bai manta da cikin maƙwabcinsa na gida ba, ya cancanci a zauna a yi masa bayani dalla-dalla.

Ciyar da mai azumi lada ne mai girma, kuma ba zan ce ku daina ba. Amma ka dubi lokacin da azumi yake kamawa a 'yan shekarun nan. Na 2024 ya kama daga Maris zuwa Afrilu, na 2025 a Maris, na 2026 a Fabrairu ya fara, kuma kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. A waɗannan watanni rumbu bai gama sauka ba, akwai aikin lambu, 'yan ci-rani suna aiko da ɗan abin da ya samu, gwamnati tana ciyarwa, masu hali suna fitar da zakka. Kowa hannunsa a buɗe yake. Yunwar ƙauye kuwa tana da nata lokacin, daga ƙarshen Yuni har zuwa sanda gero zai nuna a fara cin tumu, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Rahoton wadatar abinci da gwamnatin tarayya take fitarwa tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma Yuni zuwa Agusta ya ware a matsayin watannin ƙunci. A wannan tsakanin babu wani lokaci irin na azumi da yake tuna wa mutane su bayar, kuma a lokacin ne ƙungiyarku take zaune hannu wofi. Gyaran farko ke nan: ku raba kuɗin shekara, kaso ƙarami ga azumi, kaso mafi tsoka ga marka.

Bari in tsaya a kan yadda wannan yunwa take kama magidanci, domin idan ka gane ta za ka san inda za ka sa hannu. Ƙaramin manomi yana girbi da bashi a wuyansa: na taki, na magani, na wanda ya ba shi kuɗi a damina da sharaɗin ya biya da hatsi. Da kaka ta yi, a lokacin da hatsi ya fi araha, dole ya kai kasuwa ya biya, ga aure, ga suna, ga tufafin yara. Abin da ya rage ba ya kai shi damina. Ruwa na sauka sai ya koma awo, tiya-tiya, da tsadar da ta wuce yadda ya sayar. Ba shi da kuɗin awon, don haka sai ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai ranakun da tasa gonar take neman noman farko. Ciyawa ta cinye masa shuka, amfanin bana ya gaza na bara, ya sake cin bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na niƙa da na taki suka hau, wannan igiya ta ƙara shaƙe mutane. To idan kun ba irin wannan magidanci hatsin mako shida ko takwas a Yuli da Agusta, kun ciyar da gidansa, kun kuma mayar da shi gonarsa, wanda shi ne abincin baɗi.

Saboda haka ku yi sayayya da kaka. Gero a Oktoba, dawa da wake a Nuwamba zuwa Disamba, a kasuwar da ke kusa da ku ko ma a hannun manoman garinku. Ba sai kun je kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ba, kuɗin mota zai cinye sauƙin. Akwai shekarar da farashi kan faɗi maimakon ya tashi, ɗan kasuwa ya yi kuka, amma ku ba riba kuke nema ba, abin da kuke so shi ne ranar da ake bukata a buɗe sito a tarar da abinci. Na fi son gero da dawa a kan shinkafa da taliya. Su ne cimar gidajen, tiya ɗaya tana yin tuwo ta yi kunu ta yi fura, kuma ba sa jan idon wanda ba mabuƙaci ba. Shinkafa kuwa da an ji labarinta, har mai rufin asiri zai aiko yaro.

Ajiya ita ce inda ƙungiyoyi da yawa suke tafka asara. Hatsi ya bushe sosai kafin ya shiga buhu, ka ciza ƙwaya ka ji ta fashe ƙas. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, a jera a kan katako, saboda danshi da gara. Wake ya fi komai saurin lalacewa, a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko a jarka mai murfi, a matse iska a ɗaure tam, ƙwarin za su mutu ba tare da an sa magani ba. Ku guji barbaɗa maganin ƙwari a abincin da za a kai wa yara, kuma ƙwayar nan da ake sakawa a sito tana fitar da iska mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi. Idan kun samu gero a dami, ku bar shi a zangarniyarsa cikin rumbu, ya fi tsaba daɗewa. Sito ya zama da kwaɗo biyu ko uku, makullai a hannun mutane daban-daban, ɗaya daga cikinsu dattijon da ba ɗan ƙungiya ba.

Lissafin ba shi da wuya. Buhu yana ɗaukar tiya 40. Idan gida zai riƙa karɓar tiya 8 duk bayan mako biyu, sau biyar, buhu ɗaya ke nan a mako goma, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Wannan ba zai ɗauke wa babban gida ci gaba ɗaya ba, amma zai hana a kwana da yunwa. Ku ƙidaya buhunanku, shi ne adadin gidajen da za ku ɗauka. In buhu 15 kuke da shi, gida 15, kada tausayi ya sa ku rubuta 60 kowa ya samu abin kwana uku. A ƙara ɗan wake a kai, da gishiri da man gyaɗa in da hali. Kuma kar a ba da buhun a dunƙule. Ranar da buhu ya shiga gidan talaka, mai bin bashi zai ji, dangi za su ji, shi ma kunya ba za ta bar shi ya hana ba, kafin mako biyu ya ƙare.

Yanzu ga abin da ya fi saye da ajiya wuya, wato wa za a ba. Masu tsananin bukata a ƙauye ba su ne masu zuwa ƙofar gida ba. Alƙur'ani ma ya ambaci waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu. In ka kira taro ka ce mabuƙata su zo a rubuta suna, masu ƙarfin baki za su cika takarda, tsohuwar da ba ta da ɗa da bazawarar da ke riƙe da marayu suna cikin ɗaki. Ku nemi labari a wurin waɗanda sana'arsu take nuna musu cikin gidaje. Mai injin niƙa ya san gidan da a da ake aiko da kwarya cike, yanzu yarinya take zuwa da gero a gwangwanin madara, ko ta daina zuwa sam. Mai awo ya san wanda bashinsa ya taru har ya fara zagaye ta bayan layi. Ungozoma tana shiga har ƙuryar ɗaki. Matan gari sun san wadda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, da wadda ta fara fitar da kwanonin jerenta, da gidan da kwana da kwanaki tafasa da rama kawai ake kwaɗantawa. Don haka dole a sami mata biyu ko uku masu riƙon sirri a cikin masu zaɓe, ko da ba sa zuwa taronku. A haɗa abin da suka faɗa da na liman da mai unguwa, sunan da ya fito ta baki biyu ko uku shi ne a gaba. Jerin sunaye daga hannun ɗan siyasa kuwa, ko da shi ya ba da buhu goma, ku karɓi buhunan da godiya, ku bar masa jerinsa.

Rabo a yi shi bayan magariba, a kai gida, a hannun uwargida in zai yiwu. Ban yarda da layi ba. Layi yana tona asirin mai kamewa, kuma yana iya kashe mutane: a Maris ɗin 2024 mata sun rasu a turmutsutsun rabon sadaka a Bauchi, a Disambar wannan shekarar kuma gomman mutane sun mutu a wuraren rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja. Na san 'yan'uwanku da ke Legas za su so ganin shaida, kuma haƙƙinsu ne. Ku tura musu hoton buhuna da rasit da shafin littafin shiga da fita a WhatsApp, a karanta lissafi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Fuskar matar da aka kai wa hatsi ba ta cikin lissafi. Ɗanta zai girma ya ga hoton.

Ku kasa mutanenku gida biyu. Akwai waɗanda ba su da ƙarfin biya, tsofaffi, marasa lafiya, masu nakasa, iyayen marayu, nasu kyauta ne har abada. Akwai kuma magidanci mai gona da ƙarfi wanda damina ce kawai ta matse shi, shi rance ya fi dacewa da mutuncinsa: ya karɓi tiya 20 a Yuli, ya mayar da tiya 20 da kaka, irin hatsin da ya karɓa, babu ƙarin ko gwangwani ɗaya, domin ƙari a kan rance riba ce. Wannan rance shi ne yake raba shi da masu ba-da-kaka, kuma shi ne yake sa sitonku ya sake cika. Shekarar da ruwa ya ci gonaki, a yafe ko a jinkirta.

Wata magana da za ku kai wa malamanku tun da wuri ita ce ta zakka. Idan gari ya ga amanarku, manoma za su fara kawo muku zakkar hatsi. Nisabinta wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a wanda aka shayar da inji. Zakka tana da masu ita da aka lissafa, ana mallaka musu ne, ba a ba da ita rance, ba a sayen kwaɗo ko man babur da ita, kuma malaman Malikiyya ba sa son a jinkirta ta. Don haka ta sami littafinta daban da kusurwarta daban, ta fita da wuri, abin da za ku ajiye wa marka ya zama daga gudummawarku da sadaka. Masarautar Dutse ta daɗe da tsarin tattara zakkar amfanin gona da rabawa a gundumomi, Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi, in akwai kwamiti irin wannan a gundumarku ku yi aiki tare da shi maimakon ku yi gasa.

Yara ƙanana nasu daban ne. Yaron da tamowa ta kama, tiyar gero ba za ta tashe shi ba. Ku roƙi ma'aikacin asibitin yankinku ya koya wa matan kwamitinku awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura ka danna yatsa ya bar rami, asibiti za a kai shi ranar, inda ake ba da madarar tamowa. Sau da yawa abin da ke hana uwa zuwa kuɗin babur ne kawai, to ku ware shi. Wanda ya nuna rawaya, kunun gero da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare yana taimakawa sosai.

Mu koma kan muhalli. Ƙasarku tana kan Kogin Haɗeja, wanda ruwan madatsun Tiga da Challawa yake bi, ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, kuma ba ka bukatar in tuna maka abin da ambaliyar 2022 ta yi a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa. Amma ɗakin ƙasa yana faɗuwa ko babu kogi. Marka ta jiƙa rufi har azara ta gaza ɗauka, ko ruwa ya kwanta a gindin bango ya cinye shi. A makon da abin ya faru, bukata ita ce tamfol, tabarma, gidan sauro, tukunya, da ruwan sha mai tsafta, domin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna bin ambaliya. Wasu za su fake a makarantar firamare, amma mafi yawa gidajen dangi suke shiga. Ku lura da wannan: gidan da ya karɓi mutum takwas a Agusta shi ma ya shiga layin yunwa, kuma ba wanda yake rubuta sunansa saboda ɗakinsa bai faɗi ba. A kai masa hatsi. Sannan ku rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa da abin da suka rasa, mai gari ya sa hannu, a miƙa ta ƙaramar hukuma zuwa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ko taimakon ya yi jinkiri, wanda ba a rubuta ba ba ya cikin rabo.

Gini kuwa aikin rani ne, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da tubali yake bushewa kuma hannu ya samu sarari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gayya ba baƙuwarmu ba ce. Matasan da ke gida su kwaɓa ƙasa su yi tubali, kuɗin ƙungiya ya tafi ga abin da ƙarfi ba ya bayarwa: kwanon rufi ko azara da leda, ƙofa, kuɗin magini, da dutse ko bulo jeri biyu zuwa uku a gindin bango don ruwa kada ya taɓa ƙasa. A ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, a fitar wa ruwa hanya. Ɗaki biyu masu ƙwari a shekara sun fi goma da za su sake kwantawa. Kafin ruwan farko kuma ku zagaya gidajen tsofaffi, a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga. Aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na kwano ɗaya ba, amma yana tsayar da ɗakin da zai faɗa wa mutum cikin dare.

Kafin a aza tubalin farko a tabbatar da mai filin. Na ga an gina wa bazawara ɗaki a gidan marigayin mijinta, da aka zo rabon gado ɗakin ya faɗa kason wani, aka ce ta kwashe kayanta. In filin na marayu ne ko rabonta ne, a faɗa a gaban mai unguwa da liman da magada, a rubuta. In aro ne, a rubuta cewa za ta zauna muddin tana bukata.

Almajiran garinku ma ku duba inda suke kwana. A je wurin malaminsu da ladabi, a tambaye shi abin da ya fi damunsa. Yawanci rufin zaure ne, da tabarmi, da gidan sauro, da bargo a hunturu, da makewayi, da maganin ƙazwa.

Shi kuma bawan Allahn da ke kwana a rumfa, abu na farko shi ne a san ɗan wane ne. In ɗan gari ne an san danginsa, in baƙo ne direbobi da 'yan kasuwar da ke yawon cin kasuwanni sukan gano garinsu. Dangi da yawa ba ƙin nasu suka yi ba, gajiya suka yi, sun sayar da abin da suke da shi wajen neman magani. A yanzu ku sami gida ɗaya kusa da kasuwar da zai riƙa ba shi abinci safe da dare, ku kuna ba gidan hatsi, a ba shi tufafi da bargo, a tsawatar wa yara masu jifa. Fuskar da ya saba gani ita ce zai yarda ya bi zuwa asibiti. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai kuma na Dawanau a Kano. A tafi da shi tare da wani nasa da sanin mai gari, cikin lallashi, ba da mari ko sarƙa ba. Da yawa daga cikin irinsu suna dawowa hayyacinsu da magani, har su koma gona. Inda abin yake lalacewa shi ne bayan sallama, sa'ad da magani ya ƙare babu mai saye, ko aka ga ya samu sauƙi aka ce ya warke. Don haka kafin ku ɗauke shi daga rumfar, ku zauna ku yanke wanda zai riƙa ba shi maganin kullum, da ɗakin da zai sauka, da kuɗin magani da na motar komawa ganin likita, ku sa su cikin kasafin ƙungiya na duk wata kamar yadda kuka sa hatsi.